Maganin da Na Ba Duƙusar Boubacar

Assalamu alaikum, mutanen gidan nan. Na karanta saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in rage kishi tun bai sa mini hawan jini ba. Na gode 'yar'uwa, sai dai shawararki ta iso a makare. Abin da zan ba ku yau ko Mma, mahaifiyata, ban faɗa wa ba, kuma tun yanzu ku sani ba ni ce mai gaskiya a ciki ba.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Hamdiya. A nan Zongon Lome aka haife ni, kakana ne ya taso daga Sakkwato da fataucin goro, ya ga teku ya ƙi komawa. Ina aiki a wani famasi a Tokoin, ni ce mai miƙo magani a bayan kanta. Wanda nake so kuwa sunansa Boubacar, Bazabarme ɗan Dosso, kuma sana'arsa dawaki. Yana da barga a Baguida, Asabar da Lahadi yana fita da su bakin teku mutane su hau a ɗauke su hoto.

Shekara biyu na yi ina yaƙi da gidanmu a kansa. Tanti Kubura, yayar Mma, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mai dokin nan". In ya zo gaisuwa ya tafi sai ta sa a kunna turaren wuta a falo, wai don kujeru. Tana da nata ɗan takarar, wani mai fitar da kaya a tashar jirgin ruwa, mai mota da sanyi a ciki. Na yi kuka, na yi yajin cin abinci na yini ɗaya da rabi, na kai ƙara har wurin limamin unguwa. A ƙarshe Baba ya ce to, manyan Boubacar su zo ranar Lahadi su kawo goro. Lahadin wannan makon da muke ciki nake nufi.

Sai kuma ga Dakta Rahinatou.

Likitar dabbobi ce, a Dakar ta yi karatu, wata uku ke nan da ta fara duba masa dawaki. Da mummuna ce da na huta. Doguwa ce, baƙa mai sheƙi, ba hoda ba jan baki, ta cusa gyalenta cikin wuyan rigar aiki ta ja babur ɗinta da kanta. Ni kuwa in ban yi minti arba'in gaban madubi ba ko sayen sukari ba na fita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita ma Bazabarmiya ce. Su fara magana da Faransanci saboda ni, kafin ka ce me sun zame cikin Zabarmanci, shi yana dariya har da dafa ƙirji, ni ina tsaye riƙe da kular abinci ina murmushin da ban san dalilinsa ba.

A bargar akwai duƙusa, wato 'yar doki mace, wata huɗu da haihuwa. Auta yake ce mata. Uwarta Fara ita ce goɗiyar da mahaifinsa ya bar masa, ta tsufa, kowa ya san wannan ce haihuwarta ta ƙarshe. Da hotona na sallah ne a fuskar wayarsa, ranar da aka haifi Auta ya sauke ni ya ɗora ta. Ban kai matsayin kishi da dabba ba tukuna, kuma ni ma ina sonta, a tafin hannuna take cin karas.

Kwanakin baya Auta ta fara ramewa. Haƙarƙari a waje, ciki ya yi tulu, gashi ya yamutse, ga ɗan tari. Dakta ta ɗebi kashinta ta tafi da shi gwaji. Ran Litinin da yamma Boubacar ya zo zance, muna zaune a bencin ƙofar gida, ya miƙo mini waya in ga shaddar da kawunnansa za su sa ran Lahadi. Ina cikin kallo saƙo ya faɗo. Ban buɗe ba, yatsana ne ya taɓa.

Da Faransanci ta rubuta: "Cikinta cike yake da macijin ciki. Za mu fara ran Alhamis, a hankali, kullum da safe har kwana biyar. Kafin nan kada a ba ta komai." A ƙarshe ta sa hoton doki da fuska mai murmushi. Ku gaya mini don Allah, me ya kawo murmushi a zancen tsutsa?

"Kwana biyar don maganin tsutsa?" na ce.

"Haka ta ce."

"Mu a pharmacie ƙwaya ɗaya muke ba mutum, ya haɗiye ya tafi gidansu."

"Auta ba mutum ba ce, Hamdi. Ta ce a hankali za a bi."

"Ai na ga alama a hankali take bi."

Ya yi dariya ya karɓi wayarsa. "Ke dai ba kya gajiya. Docteur ta san aikinta."

Wannan magana ta kwana a ƙirjina. Na lissafa da yatsu: Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin. Wato ranar da za a kawo gorona, da fuskarta zai fara karya kumallo kafin ya ga tawa. Za ta zo da sanyin safiya, a durƙusa tare a gefen Auta, Baba Idrisu mai kula da bargar ya dafa musu shayi, a yi ta Zabarmanci, ni ina can Tokoin ina ƙirga wa mutane ƙwayar zazzaɓi. Na ce a raina wannan ba magani ba ne, hanyar zuwa ce aka nemo.

Kada ku ce ban san komai ba, matsalar ma ita ce na san kaɗan. A gidanmu duk bayan wata uku Mma tana jera mu a tsakar gida da sassafe, babba da yaro, har Baba da carbinsa, kowa ta ɗora masa ƙwayar tsutsa a harshe ta bi shi da ruwa. Tun ina rarrafe ake yin haka, ba wanda ya taɓa ko ciwon kai. A famasi kuwa ba ranar da ba na sayar da shi sau goma. Sai na ga abin da Mma take gamawa a minti biyar, ai ba sai an yi karatu a Dakar ba.

Ran Talata na tashi aiki na biya ta wani shagon maganin dabbobi kusa da kasuwar shanu. Na ce a ba ni maganin tsutsar doki mafi ƙarfi, wanda sau ɗaya ake bayarwa. Mutumin ya ɗauko wani farin sirinji mai kauri, maganin ciki kamar man goge baki.

"Dokin babba ne?"

"Doki dai."

Ya fara nuna mini wani zobe a jikin sirinjin da ake murzawa daidai nauyin dabba. Daidai nan Tanti Kubura ta kira ni a kan leshin da zan sa ran Lahadi, wai ruwan toka ba ya karɓar fatata. Ina gyaɗa masa kai, kunnena yana wurin leshi. Na jefa sirinjin a jaka na fito.

Ran Laraba da la'asar na kai abinci Baguida, wake da shinkafa da soyayyen wagashi, wato cukun nonon shanu. Boubacar ya tafi ɗauko ciyawa. Baba Idrisu, tsohon da ke kula da bargar tun zamanin mahaifinsa, ya amsa gaisuwata ya tayar da salla a ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Na shiga wurin Auta. Ta zo da gudu ta sa hanci a jakata tana neman karas. Na ba ta ɗaya, na shafa wuyanta, na zura sirinjin ta gefen baki na danna har ƙarshe. Ta yi ta lasar baki tana kallona. Na ba ta karas na biyu don ɗacin ya tafi.

Shirina mai sauƙi ne. Gobe da safe tsutsotsi za su fito a kashi, Dakta ta zo da jakarta, ni kuwa in ce, "Ayya Docteur, kin sha hanya a banza, ai an gama." Har na gwada yadda zan faɗa a gaban madubi.

Ran Alhamis na nemi izini a wurin aiki. Na sa atamfata mai ruwan zuma, ɗinkin riga da siket, na yafa gyale ruwan madara, na sa takalmi mai tsini duk da na san yashin Baguida. Na hau zem, wato ɗan acaɓanmu na nan, na ce ya bi babban titin bayan gari don in riga ta isa.

Ban riga ta ba. Babur ɗinta yana jingine a ƙofa, ko tsayar da shi daidai ba a yi ba.

Auta tana ƙasa tana birgima. Ta miƙe ta kafta ƙasa da kofato, ta waiga ta kalli cikinta, ta sake zubewa. Jikinta ya jiƙe sharkaf da gumi, cikin ya kumbura ya yi tauri. Fara tana ɗaure a gefe tana fizgar igiya tana haniniya. Boubacar yana durƙushe da singileti, yashi har gashin kansa, yana riƙe kan Auta kada ta buga shi da bango.

"Tun asuba take haka," in ji Baba Idrisu. "Kuma ba ta yi kashi ba."

Dakta ta saurari cikin dama da hagu, ta ɗaga leɓen Auta ta duba dasashi. Sannan ta zura wata doguwar roba ta hanci har ciki. Ruwa mai wari ya biyo robar ya zubo a bokiti, a cikinsa ga wasu fararen tsutsotsi, kowace ta kai tsawon biro. Ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu. Tsutsar ba ta motsi.

"Wannan matacciya ce," ta ce. Da Hausa ta faɗa, don kowa ya ji. "An ba ta wani abu jiya?"

"Ba a ba ta komai ba," in ji Boubacar. "Ke kika hana."

"Baba Idrisu?"

"Dusa da ciyawa da ruwa, 'yata. Sai nonon uwarta."

Ta kalle ni. Ba ta tambaye ni ba, kallo kawai, daga gyalena har tsinin takalmina da ya nutse a yashi. Na sunkuya ina gyara jaka.

Ta yi wa Boubacar bayani, kowace kalma tana sauka a kaina. Ta ce in macijin ciki ya yi wa ƙaramin doki yawa, ba a kashe su lokaci ɗaya. Magani mai ƙarfi yana zubar da su gaba ɗaya, su dunƙule su cushe ƙaramin hanji, ba abin da zai wuce. Shi ya sa ta so ta bi da mai sauƙi, kaɗan-kaɗan, su riƙa fita da kashi. Yanzu hanji ya toshe, in aka jira zai iya fashewa, in ya fashe kuwa babu sauran magana.

"Sai opération, sai an buɗe cikin," ta ce. "Yanzu, ba anjima ba. Kuma ban yi maka alkawarin komai ba."

Aka nemo a-kori-kura aka shimfiɗa katifa. Aka ɗora Auta, Fara ma aka nemo mata mota, don in aka raba su duka biyun za su haukace. Asibitin na wani tsohon likita ne ɗan ƙabilar Ewe, shi ke duba dawakin masu sukuwa na wajen gari, Dakta Rahinatou a ƙarƙashinsa take aiki. Da muka isa ma'aikaciyarsu ɗaya ba ta zo ba, hannu ya yi kaɗan. Dakta ta juyo gare ni.

"Ke a pharmacie kike, ko? Kin iya canja ledar ƙarin ruwa, kin iya karanta kwalba?"

"Na iya."

"Cire takalmin nan. Wanke hannu har gwiwa."

Haka na tsinci kaina cikin koriyar riga a kan atamfata, da hula da takunkumi, ƙafa cikin wani silifas na roba da ya fi ni girma. Boubacar aka bar shi waje, ya manna fuska a gilashin taga.

Aka yi wa Auta allurar barci, aka kwantar da ita rigingine a kan tebur, ƙafafu huɗu a sama an ɗaure. Aka aske cikin, aka wanke da jan magani har sau uku, aka rufe ta da zannuwa sai wurin da za a yanka. Tsohon likitan yana wajen kai yana lura da numfashinta. Dakta ta ja wuƙa a tsakiyar ciki, layi ɗaya miƙaƙƙe. Ta zura hannu ta fara fito da hanji tana shimfiɗawa a kan jiƙaƙƙen zane. Ni da nake zaton hanji abu ne laushi, sai na ga wani sashe ya cika ya yi tauri kamar safa da aka cusa wa tsumma, ana ganin shatin tsutsotsin ta jikin fatar.

Ba ta ɗago kai ba ta yi magana, a hankali, da Hausa. Tsohon ba ya jin Hausa.

"Wane iri ne, kuma nawa?"

Na yi kamar ban ji ba, na kama duba ledar ruwa.

"Hamdiya, ba shari'a nake yi ba. In ya yi mata yawa a jini dole in sani, don in san abin da zan ƙara mata da abin da zan rage. Wane iri ne?"

Na faɗi sunan da ke jikin kwalin.

"Zoben a ina kika tsayar?"

"Ban murza zobe ba."

"Sirinjin duka?"

"Duka."

Hannunta ya tsaya na daƙiƙa ɗaya. "Na ingarma babba ke nan." Ta juya ta faɗa wa tsohon wani abu da Faransanci a kan rage allura, ba ta ce daga ina ta sani ba. Sannan ta ce mini, "Ɗaga ledar sama, ruwan ba ya sauka."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

Ta fara tatsar hanjin da yatsu, a hankali, tana tura tsutsotsin gaba zuwa babban hanji inda za su iya fita da kansu. Ta ce in an samu haka ba tare da an tsaga hanji ba ya fi, don duk inda aka tsaga nan ne ake tsoron ƙwayar cuta da mannewa daga baya. Ta yi kusan awa tana wannan, gumi yana tsiyaya ta gefen hularta, ni ce mai goge mata. Ku ji fa, ni Hamdiya, ina goge wa Rahinatou gumi. Wurare biyu suka buɗe. Na ukun ya ƙi, ya ƙulle tam, launinsa ya fara duhu. Ta kalli tsohon, ya gyaɗa kai.

Ta tsaga wurin kamar tsawon ɗan yatsa. Warin da ya taso sai da na riƙe ƙarfen ledar ruwa kada in faɗi. Ta riƙa jawo su da wani ƙarfe tana zubawa a bokiti, dunƙule bayan dunƙule, farare, duk matattu. Bokitin ya kai rabi. Ta wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi, ta jira har launin hanjin ya dawo ja-ja, sannan ta kama ɗinki. Telan da ya ɗinka mini leshi bai kai ta tsabtar hannu ba.

Na ɗaga ido na kalli taga. Boubacar bai ma san ina ɗakin ba. Hannunta yake kallo, bakinsa yana motsi da addu'a, idanunsa jajir. Shekara biyu muna tare, na yi masa kwalliya iri-iri, bai taɓa kallona da irin wannan ido ba. Dabba tana tsakanin rai da mutuwa saboda ni, amma wallahi abin da ya fi cika mini zuciya a lokacin kishi ne. Na faɗa muku ba ni ce mai gaskiya ba.

Ta mayar da hanjin ciki, ta rufe, ta ɗinke fata, aka naɗe cikin da bandeji. Azahar ta wuce kafin Auta ta buɗe ido a ɗakin da aka shimfiɗa wa katifu. Ta yunƙura ta faɗi, ta sake yunƙurawa, a karo na uku ta tsaya ƙafafu a warwatse tana rawar jiki. Fara ta yi haniniya daga waje, ita ma ta amsa da 'yar murya.

A tsakar asibitin Dakta ta cire hula ta yi wa Boubacar bayani. Kwana ukun farko su ne abin tsoro. Hanji zai iya ƙin motsi, ɗinki zai iya ruɓewa, kuma ko an wuce nan zai iya mannewa nan da wata ɗaya ko biyu. Auta za ta zauna a asibiti, in an sallame ta kuma sai an riƙa dubawa kullum. Boubacar ya haɗa hannuwa biyu yana mata godiya da Zabarmanci, muryarsa tana karyewa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane duka.

Sannan ya share ido ya juya wajen Baba Idrisu, wanda ke zaune a kan dakali yana jan carbi.

"Baba, saiwarka ce ko?"

"Wace saiwa, Boubacar?"

"Wadda kake jiƙa wa dawaki da kanwa. Sau nawa na ce ka daina? Docteur ta ce kada a ba ta komai, ka ga yarinya ce, mace ce, ka ce kai ka fi ta sani."

"Ban ba ta ba."

"To wa ya ba ta? Ni da kai ne a bargar nan."

Tsohon ya ci gaba da jan carbinsa. Ya san na shiga wurin Auta jiya, yana sallame salla ya gan ni ina fitowa. Bai ko kalli inda nake ba.

"Docteur," in ji Boubacar, "ki faɗa masa abin da kika gani."

Tana bakin famfo tana wanke hannu. "Na ga tsutsotsi matattu, na fitar da su. Wanda ya bayar ba aikina ba ne."

Boubacar ya ce, "Shekara talatin ka yi da mahaifina, shi ya sa ba zan faɗi abin da ke raina ba. Amma ka haɗa kayanka. Ran Asabar zan sa ka a mota zuwa Dosso."

Baba Idrisu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Allah ya sani," ya ce.

Zan so in ce muku tausayin tsohon ne ya buɗe mini baki. Akwai tausayin, ba ƙarya. Amma abin da ya fi ƙarfi shi ne na hango gaba: Rahinatou za ta riƙa zuwa kullum, tana zaune da shi a gefen Auta, da asirina a bakinta ta ƙi faɗa. A ɗaura mini aure ta zo ta ci shinkafa ta yi mini murmushi. Duk ranar da na ɗaga kai a gidana, ni da ita mun san alfarmarta nake ci. Na ji gara in rasa komai da in zauna ƙarƙashin kirkinta.

"Ni ce," na ce.

Boubacar ya juyo. Ina tsaye da koriyar riga da ƙaton silifas, takalmina a hannu.

"Ni na ba ta. Jiya da la'asar, Baba Idrisu yana salla. Na sayo a kasuwar shanu."

Na yi zaton zai ɗaga murya, har na shirya kuka. Sai ya tambaya a hankali, kamar mai tambayar hanya.

"Me ya sa?"

Ƙarya guda uku suka zo bakina, duk masu kyau. Na so in taimaka. Na ga tana shan wahala. Ban san an hana ba. Amma shi ya san na karanta saƙon.

"Ba na son ta riƙa zuwa wurinka kwana biyar."

A gabanta na faɗa. Ta rufe famfo, ta ɗauki tawul ta koma ciki wurin Auta, ba ta ko waiwaya ba.

Boubacar ya taka zuwa dakali ya durƙusa gaban Baba Idrisu, gwiwa biyu a ƙasa, ya kama hannunsa ya nemi gafara. Tsohon ya dafa kansa ya ce ba komai, ya mayar da hularsa. Sannan Boubacar ya miƙe ya fita titi ya tsayar da zem, ya dawo ya tsaya nesa da ni kaɗan.

"Ki tafi gida, Hamdiya."

Tun da muka haɗu bai taɓa kiran sunana cikakke ba.

Yau Juma'a. Saƙo goma sha ɗaya na tura masa tun jiya. "Ka yafe mini." "Ya jikin Auta?" "Bouba, s'il te plaît, ko zagi ne ka turo." Duka ya buɗe, ba amsa. Da hantsi ya ɗora hoto a status: Auta a tsaye da bandeji, kanta a jikin Fara. A gefen hoton ana ganin hannu ɗaya riƙe da robar ƙarin ruwa, ba lalle ba zobe. Na buɗe hoton nan ya fi sau ashirin, kuma kunya ba za ta hana ni faɗa muku ba: ba Auta nake kallo ba.

Gidanmu kuwa ya cika. An fito da manyan tukwane, an wanke labule, an aro kujeru daga maƙwabta an jera a zaure. Baba ya sanar a masallaci bayan Juma'a. Tanti Kubura da kanta ta zo da leshin daga wurin tela, ta shimfiɗa a gadona, ta tsaya tana kallo.

"To," ta ce, "tun da kin nace, Allah ya sa alheri. Na yi tambaya a kansa, Boubacar ɗin nan an ce yaron kirki ne."

Yau ta fara kiran sunansa.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Na rufe ƙofar ɗaki na zauna a bakin gado kusa da leshin. Saƙon Boubacar ne, layi uku.

"Auta ta yi kashi, Docteur ta ce alama ce mai kyau. Na faɗa wa kawunnaina su dakata. Ki ba Baba haƙuri, ba za mu zo ran Lahadi ba."

Na karanta, na sake karantawa ina neman "tukuna" ko "sai wani makon". Babu. Na fara rubuta amsa, na ga yana kan layi, sai ya sauka.

A tsakar gida mai yana ƙara a kasko, mata suna dariya, wata tana gwada guɗa ana ce mata ta ajiye sai ranar. Mma ta ƙwanƙwasa ƙofa da gwiwar hannu, na san hannuwanta duk fulawa ne.

"Hamdiya, buɗe ki ɗanɗana cincin ɗin nan. Surukanki sun fi son sukari da yawa ko kaɗan?"